Hagun Daudu Maƙeri

Daudu maƙeri ne a Gwiwa, ya kusa shekara hamsin. Tun rasuwar matarsa Dela yake zaune shi kaɗai, 'ya'yansa biyu suna aure a Kano. Wurin hirarsa ɗaya ne, bayan makarantar firamare, inda samari ke ɗaga ƙarfe bayan la'asar. Shi ya haɗa musu ƙarfen, da bututun ruwa da gwangwanin fenti biyu cike da siminti, shi ya sa suke ba shi wuri a benci.

Ranar da ya gwada ɗagawa, gefen hagu ya sunkuyo. Samarin suka yi dariya.

"Kawu, naka ƙarfen sallama yake yi," in ji Nafi'u, malamin motsa jiki na makarantar.

Daudu ya ɗauka simintin ne bai zuba daidai ba, abin kunya ga mai sana'a. Ya fasa, ya sake zubawa har sau biyu. Ranar kasuwa ya kai gwangwanayen kan sikelin masu hatsi, nauyinsu ya fito ɗaya.

Nafi'u ya ce, "Juya ƙarfen, Kawu, ka sake ɗagawa."

Ya juya. Gefen hagun dai ya sake sunkuyowa.

"To ka gani, hannun ne. Shekara nawa dama na riƙe da guduma, hagu na riƙe da awartaki kawai? Ka samu ƙaramin nauyi, ka riƙa farawa da hagu. Inda ta gaji, nan dama ma za ta tsaya."

Ni ma ina cikin masu zuwa wurin. Daudu ya gaya mini cewa tun yana yaro, duk lokacin da ya miƙa hagu zai karɓi abu, sai an buge masa ita. "Ban taɓa ba ta wani aikin kirki ba," ya ce, yana kallon tafin hannun.

Ya cika gwangwanin madara da siminti. Amma ya kasa ɗaga abu ƙarami haka a gaban yaran da ya haifi irinsu, sai ya daina zuwa. Na same shi a maƙera bayan la'asar, wuta ta mutu, yana ɗaga gwangwanin yana ƙirgawa a hankali. Daga nan ana jiyo hayaniyar samarin.

Na ce masa suna tambayarsa.

"Ka ce musu sai hagun ta miƙe," ya ce. Wata na huɗu ke nan da ya daina zuwa.