Ranar da Habi Mai Markaɗe Ta Ce Ita Ta Haife Shi

In kun shigo Magajin Gari kuna neman Habiba, sai dai a yi ta kallonku. Ku ce Habi mai markaɗe, ko akuya ta nuna muku rumfarta. Injinta tsoho ne tukuf, sai an ja igiya sau biyar an zage shi sau uku sannan yake tashi. Da shi ta baro ƙauyensu can wajen Kuyello, shekarar da mutanen daji suka hana noma. Kowa na ta kwasar katifa da tukwane, ita inji ta ɗaure a bayan mashin ta hau kansa ta zauna. Mijinta ya riga ya rasu, ciwon ciki ne ba bindiga ba, ta ce a ƙasar nan wannan ma gata ne.

Ɗanta ɗaya, Abdulfattah, direban motar haya a hanyar Kaduna. Ɗan fari ne, tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana jin ƙannen Habi na ce mata Yaya Habi, shi ma ya kama. Gemu ya fito masa, bai canza ba. Ita kuwa wallahi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Sai dai "wancan", ko "mai motar nan". In ya shigo gaishe ta, inji take kallo. Amma duk ranar da ya kama hanya, ba ta cin abin kirki sai ya dawo. Maƙwabciyarta Susanna, wadda ake ce wa Maman Queen, mai tuyar ƙosai a gefen rumfar, ita ta gano wannan, kuma ba ta barin ta ta huta da tsiya.

To, ran wata Talata da hantsi, Habi na markaɗa wa Maman Queen wake, waya ta yi ƙara. Lambar Abdulfattah ce. Jiya ya tafi Kaduna, yau ake sa ran dawowarsa. Ta kashe inji ta ɗaga, sai ta ji muryar wani ƙato.

"Mai wayar nan yana hannunmu a daji. Ke ce Yaya Habi da ya rubuta a wayarsa? Yayarsa ce ke?"

Bakinta ya riga hankalinta.

"Ni na haife shi. Don Allah kar ku taɓa shi, ni na haife shi."

Maman Queen ta saki matsami ta juyo. Shekara nawa suna tare, ba ta taɓa jin wannan magana ba.

Mutumin ya faɗi kuɗin da yake so, ya ce a tura ta asusu kafin azahar, in ba haka ba ta zo ta ɗauki gawa. Ya kashe.

Habi ba ta da komai sai injin nan. Shi ne cinta, shi ne hayar ɗakinta. Nan take ta aika aka kira Bakoji mai gyaran inji, wanda ya daɗe da ƙyalla ido a kansa. Ya zo yana ta salati, amma kuma yana leƙa ƙarƙashin injin yana ƙwanƙwasawa.

Maman Queen ta ja ta gefe. "Habi, tsaya. Yaushe mutanen daji suka fara karɓar kuɗi ta asusu? Lokacin da suka kama ɗan'uwan maigidana, a buhu aka kai musu. Ki ce sai kin ji muryarsa."

"In na ɓata musu rai fa?"

"In yana hannunsu za su ba shi. Ai kuɗi suke so."

Da suka sake kira, Habi ta roƙa. Aka yi ƙus-ƙus, sai ga wata murya tana kuka, a shaƙe, ba ka gane ko ta wane ne.

"Mama! Mama ki taimake ni, za su kashe ni, Mama!"

Hawaye na zubo mata, amma wani abu ya tsaya mata a kunne. Mama? Tunda uwarta ta goya yaron nan ta tafi da shi, bai taɓa ce mata Mama ba. Ko ranar da mota ta kife da shi, da ya farfaɗo a asibiti, "Yaya Habi ruwa" ya ce. Sai ta tuna ita da bakinta ta gaya musu ita ce uwar.

Ta share fuska da gefen zani. "Ka kira ni yadda ka saba."

Muryar ta fara lalube.

"Umma?"

"A'a."

"Inna... Hajiya?"

"Hajiyar uwaka," in ji Maman Queen daga gefe.

Ƙaton ya fizge wayar yana ihu, wai ta raina su, wai yanzu za ta ji ƙarar bindiga. Habi ta danna ta kashe. Ta ce wa Bakoji ya sauke hannunsa daga injinta.

Kar ku ɗauka daɗi ta ji. Daga nan ne ma tashin hankalin ya fara. In tsoro ne ya juya masa baki fa? In duka ne ya sa ya manta? Wayarsa dai tana hannunsu, wannan ba ƙarya ba ne. Ta zauna a kan bokiti, wake ya kumbura a roba ba wanda ya kula. Suka kira sau huɗu, tana kallon wayar tana rawa a cinyarta, ba ta ɗaga ba. Maman Queen ta kashe wutar ƙosanta ta je tasha ta sa a kira direbobin da suka kwana Kaduna, layin wannan ba ya shiga, wancan bai ɗaga ba. Ta dawo ta zauna kusa da ita, wannan na jan carbi, waccan na addu'arta a hankali. Azahar ta yi, ta wuce.

Ana kiran la'asar sai ga shi, da ledar burodi a hannu, yana ta masifa tun daga bakin layi. Wai a tasha a Kaduna wani ɗan iska ya zare masa waya daga aljihu yana cikin lodi.

"Yaya Habi, akwai sauran abinci? Lafiya na ga idonki haka?"

Ta kalle shi sau ɗaya, tun daga kai har ƙafa. Sai ta juya ga inji.

"Maman Queen, ki ce wa wancan ya je ya sa a toshe layin nan, kafin su kira wata."

"Wane wancan? Ba shi ne ɗazu kike ihu ke kika haife shi ba? Abdulfattah zo ka ji abin da..."

Habi ta fizgi igiya. Injin da sai an yi masa sau biyar, ranar ja ɗaya ya tashi, ƙararsa ta cinye sauran maganar.

Har yau in mata sun yi layi da robobinsu, tana ɗaga murya sama da ta inji tana gaya musu: in baƙuwar murya ta kira, kar ki ce ke wace ce, bar shi shi ya faɗa. In an tambaye ta wa ya koya mata, sai ta ce wayar mai motar nan ce aka taɓa sacewa.