Baffa Nababa, Wanda Ya Ƙi a Raba Gonata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga watan Sha'aban, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Baffa Nababa, ƙanin mahaifina, a ƙauyenmu da ke gefen Kunci.

Baffa, ni ne Kamilu, wanda ya bi 'yan Boko Haram shekara uku. Mutane kan ce yunwa ce ko jahilci. Kai kaɗai ka gane. A gida ba a taɓa neman shawarata ko a kan akuya ba, su kuwa ran farko suka kira ni Malam. Da mutum ya shiga, karatun da ake maimaita masa ɗaya ne: danginka sun sallama ka, ba ka da wurin komawa sai mu. Da wannan suke riƙe mutum, ba da bindiga ba.

Kuma saura kaɗan maganarsu ta tabbata. A ƙasarmu, inda ake faɗa kan kunyar gona ɗaya, yayyena suka taru za su raba gonata. Ka shiga tsakiyarta da fartanya ka zauna, ka ce ba a rabon gadon mai rai. Damina uku kana noma ta da ciwon bayanka, ana yi maka dariya.

Ranar da na buga maka waya, wai zan yi maka wa'azi, ka bar ni na gama kafirta ka tsaf, sannan ka ce, "To, madalla. Geronka dai ya isa girbi, ni kuma bayana ya ƙi. Yaushe za ka zo?" Na kashe wayar na yi kuka. Bayan wata biyu na gudo, ka riƙe hannuna har gaban hukuma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗanka Muhammadu Sani. Ni na ja shi muka tafi, har yau bai dawo ba, kuma ba ka taɓa goranta mini ba. A jinyarka abu ɗaya ka roƙe ni: kada gonarsa ta kwana ba noma. Na ɗauki alkawari, Baffa. Jiya na kai mata taki.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Mairo, matar Baffa, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da sauran iyali, Ya nuna miki ranar da Sani zai yi sallama a ƙofar gida.