Layin Gawayi a Jikin Jif

Daminar shekarar da aka canja hannun tuƙi ce, wata Laraba da hantsi, Alhaji Ɗanladi mai fatu ya faka jif ɗinsa a ƙofar maƙerarmu a Dukawuya. Shekarata tara, ina zaune ina yi wa Baba zuga. Alhaji ya sa wa motar manyan tayoyi saboda caɓin hanyar ƙauye, to da ta faɗa rami sai taya ta gogi ƙarfen da ke samanta, wanda yaran yanzu ke ce wa fenda. So yake a yanke ƙarfen, taya ta samu sarari.

Abin da Alhaji bai sani ba, idon Baba ya fara tafiya, tartsatsin wuta ya cinye shi. Ni kaɗai na sani, don ni ke tura masa awartaki in ya yi ta lalube. Da Alhaji ya bar motar ya tafi, Baba ya daɗe yana shafa ƙarfen nan. Sai na shiga gida na ɗebo zaren saƙar Inna, na ɗaure bakinsa ɗaya a tsakiyar taya, na ɗaura gawayi a ɗayan, na ja shi kamar yadda muke zana da'irar wasa a tsakar gida. Taya huɗu, layi huɗu, babu wanda ya karkace. Ina ɗora masa bakin kurfi a kan layin, yana bugawa da guduma, har la'asar. Sau ɗaya gudumar ta kuskure. Tabon yana nan a babban yatsana.

Bayan mako biyu Alhaji ya dawo, mota duk laka, ya rantse ko sau ɗaya taya ba ta taɓa ƙarfe ba. Ya tambayi wanda ya fitar da layin. Ina tsaye nan fa, yatsa ɗaure da tsumma. Baba ya ce, "Habu ne, Alhaji." Habu yayana, wanda ranar da muka yi aikin ya wuni a bakin kududdufi yana harbin ƙadangaru. A ranar Alhaji ya sa shi a gaban mota, ya kai shi koyon kanikanci a Fagge.

Da aka watse Baba ya laluba kaina ya ce, "Ɗa namiji ya taya ubansa aiki ba abin mamaki ba ne. Amma in na ce ke ce, Binta, gobe gari ya san ba na gani." Na rufa masa asiri har kabari. Habu ya zama mai gareji, ya rasu ana labarin layin da ya ja yana yaro, bai taɓa musawa ba.

Jiya na leƙa jikana yana yanka fendar wata mota da injin lantarki, wai har da awo a waya. Na ce masa layinsa ya karkace da yatsa guda. Ya yi dariya: "Hajiya, me kika sani a mota?"

Na dubi tabon yatsana. Layin dai a karkace yake.