Kawu Labbo da Kazar Inna Tumba

Ku da kuka san Kawu Labbo maƙerin Bungudu kun san ba ya amsa gaisuwar mai basukur. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce ina kwana, shi kuwa ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya ɗaga ƙafar keken ya juya ta, ya kara kunne. In ka sake buɗe baki sai ya daka maka harara: "Yi kurum, yana magana!" Sai ya gama saurare sannan ya waiwayo. "Ummaru, ka kwana lahiya? Shi dai bai kwana lahiya ba. Ta rairayin Karakkai kab biyo, ko?" Kuma wallahi ta nan ɗin na biyo.

Ni na fi kowa shan wannan wulaƙanci, ni kuma na fi kowa cin moriyarsa. Yayan mahaifiyata ne. Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba aka ɗauke ni masinjan hakimi, aka damƙa mini basukur ina kai saƙo Gusau da Tsafe. Mahaifinmu ya rasu, fara ta cinye gonarmu ta Furfuri, da wannan aiki kaɗai nake ci da uwata da ƙannena. An kuma gaya mini ba ɓoye-ɓoye: ranar da basukur ya kwanta, akwai mai doki yana jiran aikin.

Ran basukur kuwa, in ji Kawu, yana cikin cibiyar ƙafarsa, wurin 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da yanzu kuke ce wa boris. Shi "ɗiya" yake kiransu. A lokacin ba a samunsu sai Kano, kuma babban abokin gabarsu yashi da ruwa.

Wata rana ya hango ni na ratsa gulbi a kan keken. Kai jama'a! Da gudu ya sauko, guduma a hannu. Na ce, "Kawu, akwai ƙaya a mashigin, kuma ba ni da takalmi."

Ya ce, "Ƙahwarka in ta tsage, Allah na ɗinke ta kyauta. Wanga hwa? Aza shi bisa kai!"

Tun daga ranar, a rafi basukur ne ke hawana.

Ga tsimi kuma. Man kaɗe yake cusa wa cibiyar, in ya yi baƙi ya kwashe ya sa sabo. To, tsohon ba ya zubar da shi, faso yake shafawa. Inna Tumba, matarsa, ta ce, "Malam, ga sabon mai cikin tandu, mi ya kai ka ga wanga ƙazanta?" Ya ce, "Man da yaj je Tsafe yak komo ya hi na tandu sanin ciwon ƙahwa." Inna ta tofar da yawu ta shige ɗaki.

Amma wanda ba zan manta ba shi ne na kaza. Ana gab da zan kai wani babban saƙo Tsafe, ƙafar baya ta soma ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Kawu ya kwance ta da sifanar da ya ƙera da kansa, ya wanke ɗiyan da kananzir, ya goge. Sai ya yi abin da ya saba: ya watsa su a baki, yana juya su kamar mai cin goro. Wai harshe ya fi ido gane wadda ta fara ci. Wadda ta tsira sai ya fito da ita ya ajiye a faifai.

Ana haka kazar Inna, wata wake-wake mai ƙwai, ta yi tsalle ta dira tsakiyar faifan ta kai sara. Kawu ya daka tsawa, "Kai!" Ɗiyan suka watse, muka bi ƙasa muka tsince, muka tankaɗe yashin wurin da rariya. Guda ɗaya ta ce ɗauke ni inda kuka ajiye.

Na ce, "Kawu, don Allah rufe shi haka nan, ɗaya ce fa."

"Ka taɓa ganin uwa ta ruhe ƙyaure ɗa guda na waje? In na ɗaure shi haka, sauran su cinye junansu kahin ka ga Gusau. Tana cikin kazag ga!"

Inna ta rungume kazarta. "Sai dai ka yanka ni."

Ya kife kazar da kwando a kan tabarma, ya zauna gadi da tsinke a hannu, duk abin da ta ajiye sai ya bincika. Babban maƙeri guda! Masu kawo gyaran fartanya suka gaji da sallama suka koma. Shiru, kaza ba ta ba da komai ba, ranar tafiyata kuwa tana ta matsowa.

Sai Kawu ya yi dabara. Ya aika garin Wanke wurin Malam Bawa, yayan Inna, wai ƙanwarsa tana begen ganinsa. Kun dai san yayan matar gida ba ya tako ƙasa ya zo a ajiye masa tuwo da miya lami, sauran kajin gidan kuwa duk 'yan tsaki ne. Inna na jin sallamar yayanta ta gane an ci ta da yaƙi. Ta miƙa kazar tana cizon leɓe. Ban taɓa jin bisimilla mai sauri irin ta Kawu a ranar ba.

Ya bar suruki a zaure, ya tsaya a kan Inna har ta tsaga ƙundun. Ga tsakuwa, ga tsabar dawa, har da wani dutsen wuya da ya ɓace tun bara. Boris kam babu.

Inna ta ajiye wuƙa, ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Malam, sa'ad da kad daka ma kazata tsawa, mi ke cikin bakinka?"

A hankali hannun Kawu ya sauka kan cikinsa.

Malam Bawa na cikin cin kazar labari ya iske shi, ya yi dariya har ƙashi ya kusa sarƙe shi. Kawu kuwa sai ya ce a jiƙa masa filasko, ganyen nan mai sa gudawa, a cika ƙwarya. Na ce, "Kawu, bari. Da tsufanka? Gara in rasa aikin." Ya ce, "Ka rasa, ƙanwata ta ci mi? Ba ni nan!" Ya kafa kai ya shanye, ya ɗauki wani tsohon kasko ya nufi bayan gida. Abin da ya biyo baya ba na zaure ba ne.

Da hantsi washegari na same shi jingine da uwar maƙera, ido ya faɗa, ko tsayuwa ba ya iyawa. A tafin hannunsa ga 'yar ƙwallon tana ƙyalli, ta sha toka da kananzir. Ya ce, "Kak ka tambaye ni inda tay yi baƙunci." A haka ya jera su cikin sabon mai, ya ɗaure cibiyar, ba tsauri ba sako-sako. Na isa Tsafe a kan kari, mai doki ya ci gaba da jira.

Inna kuwa har Allah ya karɓi ransa ba ta daina bin sa kazarta ba, shi kuma kullum amsarsa guda: "Ai yayanki yac ci."

Muna dariya yanzu, amma da na ba uwata labari kuka ta yi, don ta san filaskon nan zai iya tafiya da shi. Ni ban taɓa gode masa yadda ya kamata ba, ba ya ma tsayawa a gode masa. Ƙannena sun girma sun yi iyali, yawancinsu ba su san wanda ya kwanta ciwo don kada tukunyarmu ta huce ba. Ya Allah, Kai ka sani. Ka jiƙan Kawu Labbo da Inna Tumba, Ka yalwata musu makwanci, Ka ciyar da shi a Aljanna kamar yadda ya ciyar da marayun ƙanwarsa. Amin.