Direban da Ba Ya Ganin Ƙarshen Fim

Ina faskaren itace a bayan gida da safiyar huɗu ga Janairu, sai matata ta leƙo ta taga da waya a hannu, ta ce daga Sifaniya ne. Ba ni da kowa a Sifaniya sai Radka, 'yar abokina Slavcho, ita kuwa har na manta rabon da in ji muryarta.

"Kawu Penko," ta ce, "Baba ya rasu. Yanzu aka kira ni daga garejin bas. Wai yana ɗaura wa taya sarƙa saboda ƙanƙara, ya zauna ya huta, bai sake tashi ba."

Na lalubi kututture na zauna. Ta yi kuka, na taya ta. Can ta ja hanci ta ce, "Ran sabuwar shekara ya kira ni, Kawu, bayan duk shekarun nan. Ya yi ta ba ni labarin wani fim, wai mai keken ɗinki. Wane fim ne wannan?"

A ranar bakina bai iya ba ta amsa ba. Ga amsar nan yanzu.

Slavcho Minev direba ne. Sama da shekara talatin yana jan bas ɗin da ke hawa ƙauyukan kan dutse ya sauko. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya rabo da hular ulu, aljihunsa kullum cike da soyayyen 'ya'yan kabewa. Benci ɗaya muka zauna da shi tun ajin farko. Bayan rasuwar matarsa, Radka ta so ya sayar da gida ya bi ta can inda take aiki. Ya ƙi, ya kuma faɗa mata magana mai zafi a kan kabarin uwarta. Daga nan waya ta ɗauke tsakaninsu. Ba ya son a tayar da zancen, mu ma muka bar shi.

Abin da yake so a tayar shi ne zancen fim. Kowace Lahadi da ƙarfe uku Nevena, mai kula da zauren taron gari, takan haska fim a can, kuma Slavcho ne ke sauko da mutanen ƙauye su kalla. Sai dai garejin yana hayin kogi, injin bas ɗin kuma tsoho ne, sai an lallaba shi ya yi ɗumi. Dole ƙarfe biyar ta yi masa a ƙofar zauren, domin tsofaffi su fito su shige ba tare da sun tsaya a sanyi ba. Saboda haka duk fim, in ya rage kaɗan a gama, sai a ga gajeren mutum ya miƙe a layi na uku, ya duƙa don kada ya tare allo, ya fice. Haka ya yi shekara da shekaru. Ya ga farkon ɗaruruwan finafinai, bai ga ƙarshen ko ɗaya ba.

Ni ke cike masa giɓin. Kowace Litinin da safe mukan haɗu a wurin mai banitsa, wainar fulawa da cuku, kusa da tasha, in ba shi labarin yadda aka ƙare. Da wuya ya yarda.

"Ya mutu? Wa ya ce ya mutu?"

"Ni na gani da idona."

"Barci ka yi, Penko. Mutumin da ya tsallake kogi da harsashi a cinya ba zai mutu don ya faɗo daga tsani ba. Sun ɓata fim ɗin, nawa ƙarshen ya fi."

Kullum nasa ya fi. Kuma ba da wasa yake faɗa ba.

A garinmu, Lahadin ƙarshe ta shekara, kafin a kashe fitila, akan zaɓi fim ɗin da ya fi kowanne. Nevena takan jera kwalaben da aka cinye tsamin kokwamba a cikinsu, ta liƙa wa kowace hoton fim ɗaya, ta ba kowa ƙwayar wake. Kwalbar da ta fi cika, fim ɗinta ake sake haskawa ran sabuwar shekara da yamma. Ranar ce kaɗai a shekara da bas ba ya fita. Amma Slavcho bai taɓa zuwa ba. Wanda yake so bai taɓa ci ba, shi kuwa ya ce ba zai ɓata hutunsa a kan zaɓin wasu ba.

A watan Mayun bara aka haska fim ɗin da Radka ke tambaya. Labarin wani tsoho ne da matarsa ta rasu, ya ɗora keken ɗinkinta a baro, ya kama hanya a ƙafa zai kai wa 'yarsa da suka daɗe ba sa magana. Ba faɗa, ba waƙa. Tsoho yana tura baro, ruwa ya dake shi, taya ta fita, ya gyara, ya ci gaba. Rabin zauren ya yi barci. Daidai lokacin da tsohon ya iso ƙofar gidan 'yar, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, Slavcho ya duba agogo ya miƙe.

Da safe na buɗe baki zan fara, sai ya tura min banitsa gabana.

"Ci wannan, ka rufe bakin nan. Wannan karon da idona zan gani."

"Ta yaya? Sai fa in ya ci wake."

"Zai ci."

"Wannan? Fim ɗin da har Nevena ta yi hamma?"

"Na ce maka zai ci."

Kafin mako ya zagayo gari ya ji. Duk wanda bai yi barci ba ya san ƙarshen, kuma duk suka kama bakinsu, har yara. Mutum ɗaya ne abin tsoro: Rumen mahauci. Shi nasa gwanin fim ɗin 'yan fashin jirgin ƙasa ne, wanda aka kifar da motoci har aka rasa wa ke bin wa. Duk lokacin da bas ya tsaya a gaban shagonsa, sai ya fito da wuƙa a hannu yana murmushi.

"Direba! In faɗa maka ko ta buɗe?"

"Faɗa mana. Gobe in ɗauki naman nan naka in zagaya da shi duk ƙauyuka, kowa ya ji shekarun saniyar."

"To wai ma me ka gani a ciki? Tsoho da baro! Ni ma ina da baro, zo ka kalle ni kyauta."

"Kai in ka tura baro, baron ake tausaya wa."

Gwaggo Zlata, wadda ta girme mu duka, tana bayan fim ɗin likitar da ta auri mai kamun kifi, ta ce duk fim ɗin da bai sa ta jiƙa hankici ba an cuce ta. Matasa suna son wani na dodanni. Ni kuwa, na faɗa a gabansa na kuma faɗa a bayansa, babu kamar fim ɗin bikin da aka ɗauko makaɗa ƙungiya biyu bisa kuskure, kowacce ta ƙi yin shiru. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Slavcho ya ce shirme ne. Muka yi ta wannan musu tun daga lokacin nunar 'ya'yan itacen ceri har aka yanka aladun Kirsimeti, ba wanda ya matsa ko taƙi.

Bai roƙi kowa a gari ba. A cikin bas ya yi nasa aikin. Mutanen ƙauye suna jefa wake kamar kowa, amma tunda ba mota ran sabuwar shekara, ba sa ganin abin da suka zaɓa. Yana tuƙi yana yi musu bayani ta madubi: yadda tsohon ke naɗe keken da rigarsa in ruwa ya sauko, shi ya jiƙe, yadda bai taɓa zama a kan baron ba ko da ƙafarsa ta kumbura. Wani dattijo ya ce shi dai ya farka ya ga ana ta tura baro, ya koma barci, ya sake farkawa ana nan ana turawa.

"Ai ka ga fim ɗin kenan," in ji Slavcho. "Ka ba shi wakenka."

Ranar zaɓe zauren ya cika. Nevena na raba wake, Rumen ya ɗaga hannu.

"Ni ina da magana. Wanda bai ga ƙarshen fim ba, da wane baki zai ce ya fi? Kamar mutum ya ɗanɗana romo ya yi ta yabon nama."

"Kai da ka ga ƙarshen naka," in ji Slavcho, "faɗa mana wa ya sace jakar."

Rumen ya sauke hannunsa. Zaure ya fashe da dariya. Nevena ta ce duk mai kujera yana da wake, a ci gaba.

Na jefa nawa a kwalbar makaɗa, yana tsaye yana kallona. Ya gyaɗa kai. Da na ba shi don tausayi, da ya daina gaishe ni. Mutanen gari suka gama, kwalbar 'yan fashi tana gaba, ta mai keken ɗinki ko gindinta bai rufu ba. Sai mutanen ƙauye suka taso da sandunansu da manyan rigunansu. Waɗannan mutane ne da ya sha jira a bakin hanya in sun makara, ya sha kai musu magani har ƙofar gida, ya sha sauko musu da cuku kasuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce kwalbar 'yan fashi. Ba a ma tsaya ƙirga ba, ido ya gani.

"Maguɗi!" Rumen ya yi ihu. "Waɗannan minshari suka yi tun daga farko har ƙarshe!"

"Barcin ya yi daɗi, ɗan nan," in ji wata tsohuwa. "Shi muka zaɓa."

Ran sabuwar shekara ƙanƙara ta sauka sosai, duk da haka aka zo. Slavcho ya sa rigar da ya je bikin Radka da ita, ya zauna a layi na uku, ni a gefensa. Ko 'ya'yan kabewa bai ci ba. Tsoho ya tura baronsa, ruwa ya dake shi, taya ta fita. Ya iso ƙofar, ya ɗaga hannu. Sai na ji kujerar gefena ta yi ƙara. Slavcho ya miƙe, ya duƙa don kada ya tare allo, ya nufi ƙofa. Mutane sun ce sabo ne, ƙafarsa ce ta san lokacin. Wataƙila. Ni dai na ga ko agogo bai duba ba.

Rumen, wanda ya rantse ba zai zo ba, yana zaune a layin baya. Ya miƙe ya cika ƙofar da jikinsa.

"Ina zuwa, direba? Yau ba mota."

"Matsa, iska zan sha."

"Tun watan Mayu nake riƙe da bakina saboda kai, har ya yi tsami. Koma ka zauna, ko na rantse in faɗa maka a nan tsaye."

"Koma, Slavcho!" in ji Gwaggo Zlata. "Ka hana mu likita, sai ka gani!"

Nevena ta tsayar da fim, ta mayar da shi baya kaɗan. Slavcho ya dawo ya zauna. Tsohon ya ƙwanƙwasa. Aka daɗe. 'Yar ta buɗe, ta dube shi, ta dubi keken. Ba ta ce masa sannu ba, shi ma bai ce komai ba. Ta sauko, ta kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya, suka fara hawa bene da shi, suna tsayawa suna haki. A kan benen nan fim ya ƙare.

Aka kunna fitila, ba wanda ya tambaye shi komai, har Rumen. Muka fito tare, muka bi hanyar gada inda muke rabuwa. Hasken yamma bai gama ɓacewa ba, yara suna ta jifan juna da ƙanƙara. Sai da muka kai tsakiyar gadar na kasa haƙuri.

"To? Naka ya fi?"

"A nawa, magana take yi. Ta yi ta faɗa, shi ma ya yi ta ba da haƙuri. Dogon abu." Ya gyara hularsa. "Ka lura da gefen da ta kama?"

"Gefe ai gefe ne."

"Kai dai makaɗa ka sani. Gefen ƙarfen ta kama, mai nauyin. Ta bar masa na katako." Ya tsaya ya dafa ƙarfen gada. "Penko, ƙarfe nawa yanzu a Sifaniya?"

"Suna bayanmu da awa ɗaya."

"To tana gida. Yau ba aiki." Ya juya zai tafi da sauri, sai ya waiwayo, ya zaro 'ya'yan kabewa ya cika min hannu. "Litinin a wurin mai banitsa. Wannan karon ni zan ba ka labari."

"Zan zo. Amma baɗi makaɗa ne za su ci."

"Shirme ne, mutumina," ya ce yana dariya. "Tafi gida, sanyi zai kama ka."