Aljebra da Ƙashin Kawuna

Jiya ɗiyata ta dawo daga lakol, wato makaranta, tana kuka da aljebra, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Tsohon malamin lissafi ne a Gidan Rumji. Can kwanakin baya ya faɗo daga amalanke a hanyar Cadakori, ƙugunsa ya karye. Na iske shi kwance, ɗakin duk warin man shanun mai ɗori.

"Ɗan nan," ya ce, "aljebra ɗin nan ta Turanci asalinta Larabci ne, ma'anarta ɗori. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da ita, ga nawa ƙashin ya ƙi haɗuwa."

Bai ƙara tashi ba. Yanzu yarinyar ba ta da wanda za ta tambaya. Allah ya sanyaya makwancinsa.