Alkawarin Mama da Zafin Manhattan

Mun tashi da asuba daga gidanmu na unguwar University Heights a New York, mu uku: ni, da yayar mahaifiyata da muke kira Mama, da wani dattijo ɗan cocinmu wanda ya yi aikin katikis a Shendam kafin 'ya'yansa su kawo shi Amurka. Tafiyar ta Mama ce. A bara aka yi wa jikanta aikin zuciya yana jariri, ita kuma ta yi wa Ubangiji alkawari a ƙofar ɗakin tiyata cewa in yaron ya tashi, za ta ziyarci majami'u uku a Manhattan da ƙafarta, ba bas ba jirgin ƙasa. Yaro ya tashi, har ya fara ɓarna. Ni tsoro ne ya sa na bi ta, don ta haura sittin, tana da ciwon suga, kuma watan Yuli ne.

Da muka haye gadar kogin Harlem iska na kaɗawa, har na fara ganin kamar na cika zullumi. A Inwood 'yan Dominika suna buɗe shaguna, ƙamshin kofi da soyayyiyar ayaba ya cika titi. Na sayi ruwan gora dala ɗaya ɗaya da burodi. Mama ta karɓi ruwan ta sa a jaka, ta ce burodin in ci abina, ta karya a gida. Na yarda da ita.

Wuri na farko yana kan tudu, inda aka ajiye gawar wata waliyya 'yar Italiya da ta yi wa baƙin ƙasar nan hidima. Wanda bai san unguwar ba zai ɗauka New York shimfiɗaɗɗiya ce. Matakala ce doguwa tsakanin benaye, in ka ɗaga kai ba ka hango ƙarshenta. Baba katikis ya fara jan addu'ar carbi da murya mai ƙarfi daga ƙasa, kafin mu kai rabi sai numfashinsa kawai muke ji. Mama tana hawa tana riƙe ƙarfe, tana tsayawa, ni kuma ina bayanta da hannu a buɗe. A ciki ta durƙusa gaban bagadi ta daɗe. Da ta zo tashi, sai da muka kama ta mu biyu.

Daga nan muka miƙe kudu a kan titin Broadway, rana kuma ta buɗe. Zafin garin nan ba irin na gida ba ne. Kwalta da siminti suna mayar maka da shi kamar kasko, kuma babu bishiyar da za ka raɓa. Yara sun buɗe famfon 'yan kwana-kwana suna wanka a titi. Baba katikis ya sako takalmin zuwa coci, mai tsini, sai ga shi yana ɗingishi. Da muka iso wata tashar bas ya zauna ya ce shi fa bai yi wa kowa alkawari ba, zai jira mu a majami'a ta biyu. Mun yi dariya, amma da bas ɗin ya tafi da shi sai na ga saura ni kaɗai da Mama.

A cikin Harlem na lura Mama ta daina amsa addu'a daidai. Ina jan rabi, ita tana maimaita kalma ɗaya. Na kama hannunta na ji shi da sanyi, jiƙe da zufa, yana rawa. Sai ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ke can Kafanchan. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, na san abin da nake gani. Na tambaye ta me ta ci da safe. Sai ta ce azumi take yi, amma ta sha maganinta.

Kafin in ce komai ƙafafunta suka saki, ta sulale jikin ƙofar wani shago da ke rufe. Mutane suna wucewa suna kallonmu ta gefen ido. Ina girgiza ta ina kiran ta da Hausa, ashe muryata ta kai shagon kitso na kusa. Wata mata ta fito da mataji a hannu, daga baya na ji 'yar Maraɗi ce. Ba ta tsaya tambaya ba, ta koma ta kawo kujera da lemon kwalba mai sanyi. Muka ɗaga Mama muka zaunar, na kai kwalbar bakinta, sai ta datse leɓe ta kau da kai.

Waya na hannuna, na riga na danna lambar gaggawa, saura in kira. Na ce, "Mama, ko ki sha wannan, ko in kira ambulan yanzu su ɗauke ki a gaban mutane. Zaɓi ɗaya."

Tun da nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ƙura mini ido, idon kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai kitson ta durƙusa gabanta ta ce a hankali, "Inna, mu ma a namu azumin an ɗauke wa marar lafiya. Sha, don Allah."

Ta sha. Muka zauna muna kallon fuskarta, ban ajiye wayar ba sai da ta tambaye ni, da sunana, ina jakarta. Matar ta shigar da mu inda sanyin na'ura yake, ta raba mana shinkafa da miyar gyaɗa da ta kawo don kanta. Ta ƙi karɓar ko sisi.

Da ƙarfi ya dawo, Mama ta ce mu ci gaba. Na ce majami'a ta biyu tana kusa, wannan na yarda, amma ta ukun tana can tsakiyar gari, ba za mu je ba. Muka jira rana ta yi sanyi, muka bi gefen inuwa tana jingine da kafaɗata, muka hau wani tudun kuma. Majami'ar ta dutse ce, girmanta har tsoro take ba mutum. Baba katikis na zaune a matakalarta, takalmi a gefe, yana shan askirim. A ciki Mama ta kasa durƙusawa, ta zauna a benci ta rufe fuska da gyale ta daɗe tana kuka marar sauti. Ita da kanta ta ce in kai ta gida.

Jirgin ƙasa muka shiga, sannan bas. A gida na cire mata takalmi na tarar da ƙafar ta saluɓe a dunduniya, ita ko ji ba ta yi ba. Wannan ya sa washegari na kai ta asibiti.

Tafiyar ta koya mini cewa niyya mai kyau ba ta ɗauke wa jiki haƙƙinsa, kuma in tsoho ya ce maka ya ci abinci, ka nemi ganin kwanon. Ta koya mini har wa yau akwai ranar da girmama babba shi ne ka ƙi bin maganarsa. Ina ɗaure mata ƙafar a daren nan ne Mama ta buɗe baki, ta ce da na kira motar asibitin nan da ba ta yafe mini ba. Can ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Amma da ke ce a ƙasa, ni ko tambayar ki ba zan yi ba, motar kawai zan kira."